Zanen Jeniba mai ganuwa da na sayo a kasuwar gwanjo

A kasuwar gwanjo ta Plainpalais da ke Jeniba, wadda ke ci Laraba da Asabar, na tsinto shi cikin wani kwalin tsofaffin takardu: zanen birnin Jeniba na Suwizalan, aikin Matthäus Merian, wanda aka buga a 1642. Muka ja ciniki, mai kayan ya sallama a faran 45.

Bari in fara da abin da ya ɓata mini rai. Mutumin ya bar ni ina zaton tsohon bugu ne. Sai da na kai wa mai yin firam, ya shafa gefen takardar da yatsa, ya ce bugun asali yana da ɗan kwarmi inda faifan tagulla ya danne ta, wannan kuwa sumul. Ashe kwafi ne. Da na sani, ko faran 20 ba zan biya ba.

Duk da haka kwafin ya fita tsaf. Ga cocin Saint-Pierre bisa tudu, ga kogin Ron yana fita daga tafkin Leman ya raba gari biyu. Abin da ya tsayar da ni shi ne ganuwa. Shekara uku ina aiki a garin nan ban san an taɓa kewaye shi ba, ni da na tashi ina wasa a gindin badala. Da na bi diddigi, ƙofofinsa uku ne: Neuve, Rive da Cornavin. Cornavin ɗin nan nake hawa jirgin ƙasa kullum! Ganuwar ce sojojin Savoy, masarautar da ke maƙwabtaka da garin a lokacin, suka jingina wa tsani cikin daren 11 ga Disamba 1602, aka fatattake su, har yau ana bikin abin duk shekara. Daga 1849 mutanen garin da kansu suka fara rushe ta don gari ya yalwata.

Yarana sun ta laluben ruwan nan mai tsiri sama da ke kan kowane katin gaisuwa. Babu shi, sai 1891 aka kafa shi a bakin tafkin. Gadar Mont-Blanc ma ta 1862 ce.

Mai son irinsa ya shafa gefen takarda kafin ya zaro kuɗi. Nawa yana rataye a falo, firam ɗin ya fi zanen tsada.