Gargaɗi ga masu saƙa: a kula da masu tallar keken saƙa da zare a intanet

Assalamu alaikum 'yan uwa masu saƙa, na keke da na kwarashi. Daga Oktoba zuwa Janairu ne kasuwar saƙa ke ci. Iyaye na neman rigar sanyi da hula da safa na jarirai, makarantu na ba da aikin suwaita, wadda ma ba ta sayarwa tana so ta saƙa wa 'ya'ya da jikoki kafin hunturu ya kankama. Macuta sun san wannan lissafin sarai. Shi ya sa a daidai lokacin nan sababbin shafuka ke ɓullowa a Facebook da Instagram da TikTok, suna tallar keken saƙa da zaren ulu a kuɗin da bai kai rabin na kasuwa ba, wai za a rufe shago ne, ko kaya sun iso ana so a kaɗar da su da wuri.

Salon nasu kusan ɗaya ne. Kina yin magana a ƙarƙashin hoton, sai a ce ki dawo WhatsApp. A can za ki ji, "Hajiya, saura biyu, wata ma ta ce a ajiye mata ɗaya, ki turo ko rabi ne." Kin tura, a aiko miki da hoton kwali a tasha. Washegari wani ya kira a matsayin direba, ya ce an tare motar a hanya, ko ba a biya kuɗin lodi ba, sai kin ƙara kafin kaya su iso. Duk abin da kika ƙara ya bi na farko, daga nan lambobin biyu su daina shiga. Wasu kuma suna aiko da kaya, amma ba wanda kika gani ba: kin biya kuɗin keken ƙarfe mai dogon gado, wato inda allurai ke jere, a kawo miki zagayayyen nan na roba da ake juyawa da hannu, mai allura 22 ko 40 ko 48. Wannan hula da mayafin wuya yake iya yi da kyau, ba zai ɗauki aikin suwaitar makaranta ba.

Don haka ki san abin da kike nema tun kafin ki yi ciniki. Keken da aka fi amfani da shi wajen kayan jarirai da suwaita shi ne mai allura 200, tazarar milimita 4.5 tsakanin allura da allura, irin Silver Reed SK280 ko Brother KH-860, kuma siririn zare yake ci. Na zare mai kauri daban yake: Brother KH-260 allurarsa 114 ce, tazara milimita 9. A tsakaninsu akwai LK150 na roba, allura 150, tazara milimita 6.5. Mai tallar da ya ce miki kekensa "kowane zare yana ci" ko dai bai san kayan ba ko yana so ya cuce ki, domin in kika cusa zare mai kauri a keken milimita 4.5, kan da ake turawa a bisa allurai zai cije, allurai su lanƙwashe. Sannan kamfanin Brother ya daɗe da daina ƙera keken saƙa. Abin da ke yawo a kasuwa na hannu ne, ko kuma na China da aka ƙera a kan tsarinsa. Na Chinan ba laifi ba ne, akwai masu cin abinci da shi, amma a kira shi da sunansa a sayar da shi a kuɗinsa.

Bidiyon da aka turo miki ba hujja ba ce, ana kwaso shi daga shafin wasu. Ki ce a kira ki ta bidiyo kai tsaye, a rubuta sunanki da kwanan wata a takarda a ajiye kusa da keken. A nuna miki lambar samfurin da ke jikinsa. A turo allurai duka gaba ki gani ko akwai giɓi ko tsatsa, ki kuma duba ɗan harshen da ke rufe ƙugiyar kowace allura, ya kamata ya buɗe ya rufe ba tare da an matsa masa ba. A zaro sandar soso daga gefen gadon. Ita ce ke danne allurai, in soson ya mutu ya kwanta, allurai sai su ɗago, kan ya riƙa karo da su, saƙa tana zubewa. Canza ta ba tsada, amma dalili ne na rage kuɗi. A danna maɓallan da ke kan, domin tsohon mai yana daskarewa ya riƙe su. Daga ƙarshe a ɗaura zare a faɗin gadon gaba ɗaya, a saƙa layi 30 kina kallo. A tsakiya kaɗai ba ya isa, lalatattun allurai sau da yawa can gefe ake mayar da su. Ki ƙirga kayan haɗi: kan da ake turawa, sandar da zare ke bi, matajin ɗaura saƙa, ƙarafan nauyi, maƙallan tebur biyu, abin ƙirga layi, da katunan zane in mai kati ne. Keke ba kai bai da amfani, kuma kan wani samfurin ba lallai ya hau gadon wani ba. Wanda ya ce ba shi da data, ko yaron shago ne ke da makulli, ko kaya na cikin sito, ki bar shi. Cinikin biri a sama ke nan.

Shafin ma ki bincike shi. A Facebook akwai wurin da ke nuna ranar da aka buɗe shafi da sunayen da ya taɓa ɗauka. Shafin da watan jiya yake tallar waya, yau ya koma na keken saƙa, ya gama gaya miki ko wane ne. Ki sa hoton a Google Lens, manhajar bincike da hoto, ki ga ko daga wani wuri aka ɗauko shi. In kin zo tura kuɗi, ki karanta sunan da banki ya nuna: shago da suna ɗaya, mai magana da wani sunan, asusu da na uku, ki tsaya nan.

Cutar zare ta fi wuyar ganewa, don sai aiki ya yi nisa take fitowa. Yawancin abin da muke kira ulu a kasuwa akrilik ne, zaren roba, kuma yana da kyau ga kayan jarirai tunda yana jure wanki. Zaluncin shi ne a sayar miki da shi a kuɗin gashin tumaki. Ki yanki ɗan guntu, ki riƙe da hantsaki a kan faranti, ki kunna masa ashana. Na tumaki warin ƙonannen gashi yake yi, ya mutu da kansa, ya bar toka mai murmushewa. Akrilik narkewa yake da baƙin hayaƙi, ya bar dunƙule mai tauri. Auduga kuma warin takarda, toka mai laushi. Sai nauyi: ƙwallon da aka rubuta giram 50 ko 100 a jikinsa ki ɗora a ƙaramin sikeli, domin ana naɗe shi sako-sako ya yi girma a ido. Na kan mazugi kuwa ki tambaya ko an cire nauyin kwalin da ke ciki. Ragin giram 10 a kowane ƙwallo ya zama giram 120 a dozin, kusan rigar jariri guda ke nan. Ki warware ƙwallo ɗaya ki nemi ƙulli, don akwai masu haɗa ragowar zare su naɗe kamar sabo, kuma kowane ƙulli sai ya tsayar da keke ko ya huda saƙa. Ki jiƙa guntun ja ko shuɗi ki matse a farin ƙyalle. In ya bar launi, farin layin da ke jikin rigar ya lalace tun wankin farko. Ki fara da ƙwallo biyu, sai sun ci jarrabawa ki sayi dozin, kuma duka daga rini ɗaya.

Akwai kuma masu cewa ki biya kuɗin rajista, ki sayi zare a hannunsu, ki saƙa a gida su saye. Ribarsu tana cikin rajistar da zaren, shi ya sa duk abin da kika kai sai an ce bai yi ba. Mai ba da aikin gaskiya shi ke kawo zare ko ya ba da kafin alƙalami.

In har kuɗi sun riga sun fita, kada ki ƙara ko kwabo da sunan ceto na farko. Ki je bankinki a ranar, ki shigar da ƙorafi a rubuce, ki karɓi lambar ƙorafin, domin saurin kai rahoto ne ke sa a iya riƙe asusun kafin a kwashe. Ki adana rasit da hotunan hirar da lambobin waya kafin su goge. In mako biyu suka wuce banki bai warware ba, sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Bankin Najeriya (CBN) yana karɓar ƙorafi, haka ma 'yan sanda da EFCC. Ki kuma sanar da ƙungiyar masu saƙa ta unguwarku sunan shafin, don irin waɗannan shafukan suna canza suna ne su dawo da hotunan nan dai.