Rauta mai zango biyu ko ɗaya: duba wayoyin gidanka kafin ka biya

Mutum zai shiga kasuwar Gumi ya sayo rauta, wato na'urar raba intanet ta Wi-Fi a gida, mai tsada, ya kai gida, wayar yaronsa ta kama, ta uwargida kuwa ko sunan Wi-Fi ɗin ba ta gani. Sai a ce an sayar masa da jabu. Sau da yawa rautar lafiyarta ƙalau.

Mai zango biyu tana watsa sigina iri biyu, 2.4 GHz da 5 GHz. Na farkon yana zuwa nesa, yana ratsa bango, amma saurinsa kaɗan ne, ga cunkoso: layuka uku ne kacal a cikinsa da ba sa hawa kan juna, 1 da 6 da 11, Bluetooth ma nan yake bi. A gidan haya a Tudun Wada ko Rigasa, inda kowane ɗaki da MiFi ɗinsa, wato ƙaramar rautar aljihu mai amfani da sim, hanyar cushewa take kamar titin Ahmadu Bello lokacin tashi daga aiki. Na 5 GHz yana da sauri da sarari, sai dai bangon bulo biyu ko uku kan karya masa ƙarfi. Kada kuma a rikita shi da 5G na kamfanonin waya, ko da an rubuta 5G a jikin sunan.

Duba bayanan kowace waya, wajen da aka rubuta irin Wi-Fi ɗin da take kamawa. Wadda aka rubuta wa b/g/n kaɗai, galibi 2.4 kawai take gani. In ka ga ac, tana kama 5 GHz.

MiFi ta wadatar da gwauro ko ɗalibi, ga batir a jikinta, amma da yawansu zango ɗaya ne. Rauta mai zango ɗaya ta fi araha, kuma ba asara ba ce in duk wayoyin gidan tsofaffi ne. Ga mai iyali dai ni mai zango biyu nake zaɓa, da sharaɗi guda: ta yarda a raba sunayen Wi-Fi na zangon biyu, kowanne da nasa. Wasu suna haɗe su wuri ɗaya da sunan Smart Connect, sai waya ta yi ta tsalle tsakaninsu, kira ya riƙa yankewa kana fita daga falo zuwa tsakar gida. In an raba, na falo su hau 5, na ɗakunan baya su zauna a 2.4.

Tambayi mai shago ko ana iya mayar da tsaronta WPA2, domin WPA3 da ya fito a 2018 tsofaffin wayoyi ba su san shi ba, za ka yi ta sa kalmar sirri daidai suna ƙi. In kuma waya mai ac ba ta ganin 5 GHz, a shiga saitin rautar a mayar da layin 5 GHz ɗin tsakanin 36 da 48.

Tafi kasuwar da wayar da ta fi tsufa a gidan, a kunna rautar a gabanka ta kama, sannan ku yi ciniki.