EC3: manhajar da ke auna hayaƙin kayan gini tun kafin a saya

Kafin a kunna fitila ko ɗaya a sabon gini, an riga an fitar da hayaƙin kabon mai yawa wajen ƙona siminti da narka ƙarfe. Siminti kaɗai na da kusan kashi 8 cikin 100 na hayaƙin da duniya ke fitarwa. Manhajar EC3, wadda aka ƙaddamar a Amurka a 2019 kuma ƙungiyar Building Transparency ke kula da ita, an yi ta ne domin mai sayen kaya ya ga adadin hayaƙin kowane kaya tun lokacin zaɓen ɗan kwangila. Kyauta ce.

Dogaronta kacokan kan takardun EPD ne, wato shaidar da masana'anta ke fitarwa, wasu masu bincike na daban su tantance, da ke nuna kilo nawa na hayaƙi ke cikin tan ɗaya na rodi ko kubik mita ɗaya na kankare. Za ka shigar da adadin kayan aikin, ka tace da ƙarfin da injiniya ya nema, sai ta jero kayan da suka dace, kowanne da nauyin hayaƙinsa. Daga nan ake ɗauko iyakar da za a rubuta a takardar neman tayi: kankaren da hayaƙinsa ya wuce kaza, ba a karɓa. Nan amfaninta yake, kuma ta iya shi.

Sai dai akwai tarko. Lambobin galibi sun tsaya ne a ƙofar masana'anta. In za a ɗauko kayan daga nesa, sai ka ƙara lissafin dako da kanka. Takardar da ta ba da matsakaicin masana'antu da yawa ba daidai take da ta masana'anta guda ba, kuma EPD kan ƙare bayan shekara 5, don haka a duba kwanan wata.

Babban kuskure shi ne zaɓen lamba mafi ƙanƙanta ido rufe. Kankaren da aka rage masa siminti aka maye gurbinsa da tokar kwal ko dattin narkar ƙarfe yana jinkirin yin ƙarfi. In sharaɗin ya kafe kan gwajin ƙarfin kankare a kwana 28, ko ana gaggawar cire katakon da aka zuba kankaren a ciki, mai kawo kaya zai sake ƙara simintin da aka rage. A ginshiƙan ƙasa da ba za su ɗauki nauyi da wuri ba, a rubuta kwana 56.

Inda masana'antu ba su fitar da EPD ba kuwa, jerin kan fito kusan fayau. A irin wannan wuri, sai a fara sa neman takardar cikin sharuɗɗan kwangila.