Sharhi kan darktable da ceto hotunan da duhu ya rufe

Na daɗe ina gyaran hotuna da manhajar darktable, kuma abin da ya fi sa na amince da ita shi ne yadda take fito da abin da duhu ya ɓoye a hoton da bai samu isasshen haske ba lokacin ɗauka. Manhaja ce ta kyauta wadda masu sa-kai ke ginawa tun 2009, tana aiki a Windows da macOS da Linux, kuma ba ta taɓa ainihin hoton, domin duk gyaran da aka yi tana rubuta shi ne a wani ƙaramin fayil na gefe mai suna XMP, ta yadda mutum zai iya komawa mafari duk lokacin da ya ga dama.

Sai dai amfaninta yana da sharaɗi, wato a ɗauki hoton da tsarin RAW. Idan kyamara ta fitar da JPEG, ta riga ta yanke hukunci kan haske da launi, ta matse fayil ɗin, ta bar matakan haske 256 kacal a kowane launi. RAW kuwa yana adana abin da kyamara ta gani ɗanyensa, da matakai 4,096 ko 16,384 gwargwadon ƙarfinta, kamar nagatif ɗin da ba a riga an wanke ba. Kamfanonin kyamara suna da sunayen da suke kiran fayil ɗin RAW: Canon na kiran nata CR2 ko CR3, Nikon NEF, Sony ARW, wayoyi da dama kuma suna amfani da DNG wanda Adobe ya fito da shi a 2004.

Gwajin da ya gamsar da ni hoton mutum ne a cikin inuwa, sararin sama na haskawa a bayansa, wanda kyamara ta adana da tsarin biyu lokaci guda. A duka biyun fuskar ta yi baƙi ƙirin. Na ƙara haske mataki biyu, wato ninki huɗu ke nan, tunda kowane mataki yana ninka haske sau biyu. A fayil ɗin RAW idanu suka bayyana tar, launin fata ya dawo yadda yake, har saƙar zaren baƙar rigarsa ta fito, sannan na yi amfani da sashen da ke ɗaga inuwa kaɗai don kada sama ta ƙone. A JPEG kuwa inuwar ta farfashe zuwa ƙananan murabba'ai, kumatunsa suka koma kore-kore, kuma babu dabarar da ta gyara hakan. Wani abin da ya faranta mini rai shi ne daidaita farin launi bayan ɗauka, wanda ke kawar da rawayar fitila ba tare da hoton ya lalace ba.

Wajibi ne a faɗi iyakar abin. Duk lokacin da aka ɗaga inuwa, ɗigo-ɗigon ja da kore da ke kwance a cikinta su ma suna tasowa, musamman idan an ɗauka da ISO mai yawa, wato saitin kyamara da ake ɗagawa don hoto ya yi haske a wuri mai duhu. Manhajar tana da sashen rage su wanda aka auna shi bisa nau'in kyamara da adadin ISO, kuma yana aiki sosai, amma idan aka matsa masa fata takan yi sumul fiye da kima, gashi ya dunƙule. A ganina, da zarar an wuce mataki uku, abin da ake samu ya isa tunawa da lokacin, bai isa bugawa a babbar takarda ba. Wurin da haske ya ƙone ya yi fari fat kuwa ya fi wuyar ceto, shi ya sa na gwammace hoto ya ɗan yi duhu da ya ƙone.

Fayilolin RAW suna cin wuri ninki da dama fiye da JPEG, kuma a buɗewar farko sukan yi kamar launinsu ya koɗe, saboda haka aikin yana buƙatar haƙuri da lokacin koyo. Ga wanda zai fara, ina ba da shawarar ya saita kyamararsa ta riƙa adana tsarin biyu tare, ya duba jadawalin haske, wato zanen da ke nuna yawan duhu da haske a hoton, bayan kowace ɗauka, ya kuma buɗe RAW a hotunan da JPEG ya gaza.