Burushin aski mai araha da mai tsada: abin da wuyana ya gaya min bayan shekara biyu

Ƙurajen aski ne suka kai ni ga burushi. Ina ajiye gemu, amma ina kwashe gefen kumatu da ƙarƙashin wuya sau uku a mako, kuma shekara da shekaru wuyan nan bai taɓa zama lafiya ba. Ƙuraje ƙanana masu zafi, wasu har da ruwa, idan wuyan riga ya goge su sai in ji kamar an watsa min barkono. Duk mai gashi mai murɗiya irin namu ya san wannan ciwon: gashin yana lanƙwashewa ya koma cikin fata. Wani dattijo da muke aiki tare ne ya dubi wuyana wata rana ya ce, "Yaro, kana aski ne a bushe. Ka tuna yadda wanzami yake yi?" Na tuna kuwa. Wanzamin mahaifinmu ba ya ɗora aska sai ya jiƙa kai da ruwa ya yi ta murzawa da tafin hannu har gashin ya yi laushi. Aikin burushi ke nan, ya shigar da ruwa da sabulu har gindin gashi kafin ƙarfe ya iso.

Na farko da na saya a kasuwa ne, irin wanda ake jerawa kusa da mataji da madubin aljihu. Ba suna a jikinsa. Gashinsa robar nan ce mai tauri kamar ta burushin goge takalmi, yana sukar fata, kuma kowane aski sai na tsince silin gashi huɗu ko biyar daga kumatuna. A mako na uku ina cikin murza sabulu gaba ɗaya dunƙulen gashin ya fice daga mariƙinsa ya faɗa cikin kwano. Wannan ba araha ba ce, asara ce, kuma ba shi nake nufi ba idan na ce mai araha.

Na biyu ƙanena ne ya yi min odarsa ta intanet, burushi ɗan Italiya, mai dogon gashi da kauri. A wannan fannin kamfanonin da aka fi sani su ne Omega na Italiya da Semogue na Fotugal, kuma kayansu ba su da tsada ko kaɗan in aka kwatanta da na manya. Gaskiya ya yi aiki. Sai an jiƙa shi a ruwan ɗumi kamar minti biyar kafin a fara, kuma kwanakin farko yana da wani wari na dabba. Bayan wata guda bakin kowane sili ya tsage gida biyu, ya yi laushi, amma jikinsa bai rasa ƙarfinsa ba. Yana kwasar sabulu mai tauri cikin daƙiƙa kaɗan, yana tayar da gashin da ya kwanta. Wata uku ina jin daɗinsa kafin na zauna na karanta kwalinsa da kyau. Kalmar da aka rubuta ita ce "bristle", wani lokaci kuma za ka ga "boar". Dukansu gashin alade suke nufi.

Ranar ban iya cin abincin dare da daɗi ba. Washegari bayan Asuba na tsaya na tambayi limaminmu. "Allah gafarta Malam, mene ne hukuncin wannan?" Ya ce a mazhabar Malikiyya gashin dabba, ko da na alade ne, idan yanke shi aka yi ba tsige shi ba, ana ɗaukarsa mai tsarki, amma sauran mazhabobi da yawa ba su yarda da haka ba, kuma ni ban san yadda aka cire wannan ba. Ya ce in zuciyata ba ta kwanta ba in bar shi. Ba ta kwanta ba, na kuwa bar shi. Na faɗi wannan ne don mai saye a wajenmu ya buɗe ido, domin mafi yawan burushin gashin dabba masu sauƙin kuɗi na alade ne, kuma mai shago sau da yawa shi ma bai sani ba. Wanda yake son gashin dabba lalle, akwai na doki, kamfanin Vie-Long na Sifen ya shahara da shi.

Daga nan ne na yi abin da na daɗe ina lissafi a kansa, na tara kuɗi na sayi mai tsada. Wani abokina da ya je karatu Ingila ya taho min da shi. Can ne gidan wannan sana'a: Kent sun fara yin burushi tun 1777, Simpson kuma tun 1919, kuma har yanzu da hannu ake ɗaure gashin manyan samfuransu. Ana yin su da gashin badger, wata dabba ce dangin dagen da muka sani a dajinmu. Gashin hawa-hawa ne, daga "pure" wanda shi ne na ƙasa, sai "best", sai "super", sai "silvertip" mai farin baki da ya fi kowanne laushi da tsada. Nawa na tsakiya ne, amma duk da haka kuɗinsa ya ninka na ɗan Italiyan nan kusan sau takwas.

Ba zan manta safiyar da na fara amfani da shi ba. Cikin hunturu ne, watan Janairu, iska tana kaɗa ƙofar banɗaki, leɓena duk ya tsattsage. Na zuba ruwan zafi daga fulas a kofi, na tsoma shi, na ɗaga. Ya sha ruwa har ya yi nauyi a hannu. Da na ɗora shi a wuyana sai na ji ɗumi ya bazu, kamar an lulluɓa min tawul da aka ɗauko daga rana. Kumfar ta fito da kauri kamar kindirmo, tana sheƙi, babu manyan kumfa-kumfa a cikinta. Na gama zagaye na farko, na wanke reza, na koma gare shi, har yanzu cikinsa da ɗumi. Mariƙinsa ma daban ne, yana da nauyi, yana zama daram a tsakanin yatsu ko da hannu da sabulu. A wannan safiyar na gane abin da masu kuɗi suke biya.

Sai dai zama da abu shi ke nuna halinsa. Gashin badger yana riƙe kumfa a cikinsa, don haka yana cin sabulu fiye da sauran, sai ka matse shi kafin ya ba ka abin da ya ɓoye. Ruwan burtsatsen unguwarmu mai nauyi ne, ba ya son kumfa, kuma yana barin wani farin dattin sabulu a gindin gashin, dole duk bayan 'yan makonni in wanke shi da ɗan ruwan khal. Da damina kuwa, a watan Agusta, sai ya kwana ya wuni bai bushe ba, kuma gashin dabba idan ya daɗe a jiƙe yakan yi wari ya fara karyewa. Tafiya ba na ɗaukarsa, tsoro nake ji. Akwai kuma abin da ya tsaya min a rai: kusan duk gashin badger na duniya daga ƙasar Sin yake fitowa, kuma kashe dabbar ake yi. A 2018 ƙungiyar kare haƙƙin dabbobi ta PETA ta fitar da hotunan yadda ake tsare su a keji a gonakin can, abin ba kyan gani, har wasu kamfanoni suka daina sayar da irinsa.

Na huɗu na saye shi ne kawai don tafiya. Na zaren roba ne, amma irin na zamani, ba irin na kasuwa da na fara da shi ba. Kamfanin Mühle na Jamus yana yin nasa mai suna Silvertip Fibre, su Yaqi na ƙasar Sin kuma suna yin masu sauƙin kuɗi sosai. Nawa cikin masu sauƙin yake, faɗin dunƙulensa milimita 24, kuɗinsa bai wuce na ɗan Italiyan da komai ba. Ba ya bukatar jiƙo. Ka tsoma, ka girgiza sau ɗaya, ka murza a kan sabulu, cikin rabin minti kumfa ta cika. Bakinsa laushi kamar auduga tun ranar farko. Sabulu kaɗan yake ci, ruwanmu mai nauyi bai dame shi ba, kafin in dawo daga aiki ya bushe ƙarau ko da damina. Aibinsa biyu ne. Ba ya riƙe ɗumi, zagaye na biyu kumfar ta huce. Kuma da yake zarensa ba ya shan ruwa, idan ba ka girgiza shi ba sai ruwan ya gangaro ta mariƙi har gwiwar hannu.

Don kada in yaudari kaina, na gwada su tsakani da Allah. Sabulu ɗaya, Arko na Turkiyya mai kamar sanda, reza ɗaya mai baki biyu, sabon ƙarfe kowane mako. Mako biyu da mai tsada, mako biyu da na roba, sannan na sake zagayowa. Ina duba wuyana a madubi kusa da taga, inda haske ba ya ƙarya. Ban ga bambanci ba. Ƙurajen sun ragu ƙwarai da dukansu, kuma na tabbata abin da ya rage su shi ne minti biyun da nake ɗauka ina murza kumfa a fata, da kuma daina jan reza zuwa sama saɓanin yadda gashin ya kwanta. Mai tsada ya fi daɗi a fuska, wannan ba musu. Amma askin da ya fito iri ɗaya ne.

Idan ɗan'uwa zai fara, ina ba shi shawarar na zaren roba mai faɗin milimita 22 zuwa 24, ya fi dacewa da mai gemu da ke gyara gefe kawai, domin babba yakan cika gemun da kumfa ba gaira ba dalili. Mai aske kai gaba ɗaya zai iya ɗaukar 26. A guji tafasasshen ruwa, yana narkar da gam ɗin da ya riƙe gashin. A ɗauraye sosai, a girgiza, a ajiye inda iska ke shiga, ba cikin akwati ba. Sauran kuɗin a sa a sabulu mai kyau da ƙarafan reza.

Mai tsadan yana nan a kan kanta, ban sayar ba kuma ban bayar ba. Ina ɗauko shi ranar Juma'a idan sanyi ya sauka, in dafa ruwa, in zauna a natse. Sauran kwanakin shekara na roba ne a hannuna. Makon jiya ɗana babba, wanda gashin baki ya fara tsiro masa, ya tsaya a bakin ƙofa yana kallona, ya ce, "Baba, wanne za ka ba ni?" Na riga na yi masa odar irin na robar, yana hanya.