Dambel a ɗaki ko rajistar gidan motsa jiki, ga mai aikin dare

Ɗan'uwa, tsakanin sayen dambel, wato ƙarfen motsa jiki da ake ɗagawa da hannu ɗaya, ka ajiye a ɗaki da biyan kuɗin rajista a gidan motsa jiki, ni da nake aikin dare kamar ka dambel zan ce ka saya, domin abin da ya fi ba irinmu wahala shi ne samun lokacin ɗaga ƙarfe ba tare da an tauye barci ba.

Zafin jikin mutum yana sauka ƙasa sosai wajen ƙarfe 4 zuwa 5 na asuba, ƙarfin tsoka kuwa ya fi cika daga la'asar zuwa magariba. Saboda haka lokacin da ya fi dacewa da mai aikin dare shi ne bayan ya farka daga barcin rana, kafin ya kama hanyar aiki. A daidai wannan lokacin ne kuma masu aikin rana suke tashi su cika gidajen motsa jiki, har sai mutum ya yi layi kafin benci ya zo kansa, alhali idonsa yana kan agogo.

Nawa dambel ɗin irin masu faifai ne da ake ƙarawa ana ragewa, kuma sun daɗe tare da ni har wurin riƙonsu ya yi sumul. Idan na farka nakan sha ruwa, in shimfiɗa tabarmar roba mai kauri don kada ƙarar ƙarfe ta dami maƙwabta, in jawo su daga ƙarƙashin gado. Tsuguno da tashi, turawa sama, jawowa zuwa ƙugu, cikin kusan minti 40 na gama na yi wanka. Ranar da barcin bai ishe ni ba sai in zare faifai ɗaya daga kowane gefe in yi abin da ya sawwaƙa, babu wanda yake kallona balle in ji kunyar ragewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a shawarwarinta na 2020, abin da ta nema ga baligi shi ne ya motsa manyan tsokokin jikinsa aƙalla kwana 2 a mako, kuma dambel biyu sun wadatar da hakan. Ni dai nakan bar kimanin sa'a 48 kafin in sake wahalar da tsoka ɗaya, in kuma ajiye nauyi mafi yawa sai ranar hutu, bayan na rama barci.

Gidan motsa jiki yana da manyan sanduna da injuna da mai tare maka ƙarfe idan ya fi ƙarfinka, wannan ba na musu. Amma katin da na taɓa biya a aljihu ya ƙare, domin zuwa da safe bayan tashi daga aiki yana haɗa mutum da hasken rana da bugun zuciya mai sauri a lokacin da ya kamata ya kwanta, ga kuma haɗarin tuƙi cikin gyangyaɗi.

Ko da yake ba ka tambaya ba, ka yi hattara da masu sayarwa. Akwai masu cusa siminti cikin roba su ce ƙarfe ne, akwai kuma faifan da aka rubuta wa kilo 5 amma bai kai ba, don haka ka ɗora shi a sikeli, ka kuma kara masa maganaɗisu kafin ka biya. Ka auna ramin faifan da sandar, domin akwai mai faɗin kusan milimita 25 akwai mai 50, kuma ba sa shiga juna. Idan aka tallata maka garin ƙara kuzari ka bar musu kayansu, galibi yana ɗauke da kafeyin, sinadarin nan na cikin kofi mai hana barci, wanda rabinsa yake nan a jini bayan kimanin sa'a 5.

Ka sayi sanduna biyu masu maƙulli na murɗawa, da faifan ƙarfe zalla waɗanda za su kai kowane hannu kilo 15 zuwa 20, sannan ka ƙara benci idan ɗakin yana da fili.