Anki: ta cancanci zama a wayar mai shirin jarrabawar bayoloji?

Wanda ya gama digiri a bayoloji ko bayokemistiri, yake shirin jarrabawar shiga digiri na biyu ko ta neman tallafin karatu, zai ci moriyar Anki ƙwarai, wato manhajar haddace karatu da katunan tambaya da amsa. Damien Elmes ne ya fito da manhajar a 2006. Kyauta ce a kwamfuta, haka AnkiDroid a wayar Android. Ta iPhone kaɗai ake saya. Tana aiki babu intanet, sai in za ka daidaita katunan waya da na kwamfuta ta shafinta na AnkiWeb.

Tsarinta kati ne, tambaya a gaba, amsa a baya. Ka amsa, ka danna Again, Hard, Good ko Easy, ita kuma ta yanke ranar da katin zai dawo. Wanda ya zauna maka sai ta ɗaga shi nesa, wanda ya kuɓuce ya dawo a ranar.

Wajen rubuta katin ake yin ɓarna. "Bayyana glaikolisis" ba kati ba ne. Glaikolisis, hanyar da ƙwayar halitta ke farfasa gulukos don samun kuzari, matakai 10 ne, za ka kawo 7 ka danna Good, ukun da suka rage su ne za su kayar da kai a zauren jarrabawa. A yanka shi ƙanana: wane enzayim ne ke riƙe da linzamin hanyar? PFK-1. Ribar gulukos ɗaya? ATP 2 da NADH 2. Zane irin na nefron (ƙaramar matatar cikin ƙoda) ko mitokondiriya (sashen ƙwayar halitta mai samar da kuzari) kuwa, tun daga sigar 23.10 ana iya rufe sunayen sassansa ka riƙa fito da su ɗaya-ɗaya.

A kula da yawa. Manhajar tana zuwa da sababbin katuna 20 a rana, wanda kan kai bitar yau da kullum kusan 200. Ka tsallake mako guda, sun haura 1000. Farawa da 10 ya fi. Katin da ka faɗi sau 8 tana yi masa alama. Yawanci rubutunsa ne ba kyau, sake shi za a yi.

Rauninta lissafi da nazari. Za ta haddatar da kai ƙa'idar lissafin gado ta Hardy-Weinberg, p² + 2pq + q² = 1, amma ba za ta koya maka cewa in mutum 1 cikin 100 ke da sikila, q (kason ƙwayar gadon S a cikin jama'a) ya zama 0.1, masu AS kuma kashi 18 cikin 100 ba. Wannan sai da takarda, biro da tsofaffin tambayoyi, agogo na gefe.